Asusu Mai Lamba 88888: Nazari a Kan Haɗarin Gudanar da Aiki a Banki da Inshora

A ajin kasuwanci mukan tambayi ɗalibai, mene ne yake kashe banki? Amsa biyu ce takan fara fitowa. Waɗansu su ce, idan mutane suka ci bashi suka kasa biya. Waɗansu kuma su ce 'yan fashi. Amsa ta fari daidai ce. Ta biyu kuwa, ko da yake fashi mugun abu ne, da wuya a ji babban banki ya rufe ƙofa domin an shiga reshensa ɗaya da bindiga, gama kuɗin da ke reshe ɗaya kaɗan ne cikin dukiyar banki, yawanci kuma akwai inshora a kansa. Akwai amsa ta uku wadda ba a cika kawowa ba, wato banki yakan mutu ta wurin yadda ake tafiyar da aiki a cikin gidansa. A kanta ne za mu yi nazari a wannan shafi.

Masana sun kasa haɗarin da ke gaban banki kashi-kashi. Akwai haɗarin bashi, wanda muka ambata. Akwai haɗarin kasuwa, wato banki ya sayi kuɗin waje ko hannun jari, farashi ya faɗi ya bar shi da asara. Sa'an nan akwai haɗarin gudanar da aiki, wato asarar da takan zo domin ma'aikaci ya yi kuskure ko ha'inci, ko tsarin aiki yana da ɓaraka, ko na'ura ta lalace, ko kuwa wani abu ya faɗo daga waje, kamar gobara, ambaliya, da shi fashin kansa. Ku lura da bambanci ɗaya. Banki yana sane yake shiga haɗari biyun farko, domin a nan ribarsa take. Bankin da ba ya ba da bashi ba banki ba ne. Amma na ukun ba wanda yake cin ribar kobo ɗaya da shi. Asara ce zalla, kuma sau da yawa ba a ganinta sai ta riga ta girma.

Tsohon gida a birnin Landan

An kafa bankin Barings a Landan a shekara ta 1762. Ya shahara ƙwarai. Yana cikin waɗanda suka shirya kuɗin da Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga hannun Faransa a 1803. A 1890 ya kusa rushewa saboda bashin da ya bayar a Ajantina, sai Babban Bankin Ingila ya tara waɗansu bankuna suka cece shi. Har Sarauniyar Ingila tana cikin masu hulɗa da shi. Wannan gida mai shekara 233 ya mutu a watan Fabrairu na 1995, ta hannun wani saurayi mai suna Nick Leeson, wanda ya cika shekara 28 kwana ɗaya kafin a rufe bankin.

Leeson ya shiga Barings a 1989 a matsayin akawu, cikin masu daidaita takardun ciniki bayan an gama saye da sayarwa. Ya iya aikin, har ya yi suna wajen warware lissafin da ya rikice. A 1992 aka aika shi Singafo ya shugabanci cinikin bankin a wata kasuwa da ake kira SIMEX. A wannan kasuwa ba kaya ake saye ba, alkawari ake saye. Mutum ya ƙulla ciniki yau cewa nan da wata uku zai saya a kan farashi kaza. In lokacin ya yi farashi ya hau, ya ci riba. In ya sauka, ya biya bambancin. Mutanenmu sun san ɗan'uwan wannan ciniki, wato mai kuɗi ya sayi dawa tun tana gona. Sai dai a can ba a yarda da baki kawai. Dole ka ajiye kafin alƙalami, kowace rana kuma a yi lissafi, in kana cikin asara a ce ka ƙaro kuɗi kafin gobe.

Aikin da aka ba Leeson ba shi da kasada da yawa. Ana cinikin alkawari iri ɗaya a kan ma'aunin hannun jarin Japan, mai suna Nikkei 225, a Singafo da kuma birnin Osaka. Wani lokaci farashin ya ɗan bambanta. Abin da aka ce ya yi shi ne ya saya a inda ya fi araha, a daidai lokacin nan kuma ya sayar a inda ya fi tsada, kamar ɗan kasuwa mai yara a kasuwanni biyu. Ribar ƙanƙanuwa ce, amma tabbatacciya.

Ga inda bango ya tsage. An ba shi shugabancin masu ciniki, an kuma bar masa shugabancin akawun da ke rubuta cinikin da daidaita lissafinsa. Da safe ya yi ciniki, da yamma ya zauna ya rubuta abin da ya ce ya yi. Ku yi tunanin ɗalibin da zai rubuta jarrabawa, ya yi wa kansa maki, sa'an nan ya cika katin sakamakon da zai kai wa iyayensa.

A cikin 1992 ɗin aka buɗe wani asusu mai lamba 88888. Kowane banki yana da irin wannan asusu, inda ake ajiye ƙananan kurakurai kafin a gyara su. Leeson ya sa aka cire wannan asusu daga cikin rahotannin da ake aika wa Landan kullum. Shi dai ya ce da fari ya ɓoye kuskuren wata sabuwar ma'aikaciya ne, na fam 20,000, don kada a kore ta. Ko haka ne ko ba haka ba, abin da ya biyo baya nasa ne. Ya daina saye a nan da sayarwa a can, ya shiga caca da kuɗin banki a kan inda farashi zai nufa. In ya ci, ya rubuta a littafin da Landan take gani. In ya faɗi, ya tura asusu mai takwas biyar. A ƙarshen 1992 asarar da ke ɓoye ta kai wajen fam miliyan 2. A ƙarshen 1993 ta haura miliyan 20. A ƙarshen 1994 ta kai miliyan 208. Duk wannan lokaci a Landan ana yabonsa, ana ba shi lada mai tsoka a kan ribar da babu ita.

Mai asara irin wannan ba ya tsayawa, domin ranar da ya tsaya ranar ce asirinsa zai tonu. Kullum sai ya ninka abin da ya zuba, da begen ci ɗaya zai rufe ramin duka. A farkon 1995 Leeson ya riga ya ɗaure kansa da alkawarai masu yawa waɗanda za su ba shi riba in kasuwar Japan ta zauna lafiya ba ta motsa sosai ba. Ranar 17 ga Janairu girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe, ta kashe mutum fiye da 6,000. Kasuwa ta faɗi. Maimakon ya fita, sai ya ƙara saye, yana tsammani za ta farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba. Ranar 23 ga Fabrairu ya gudu daga Singafo. Da aka gama lissafi, asarar ta kai fam miliyan 827, ta zarce dukan jarin bankin. Babban Bankin Ingila ya tara shugabannin bankuna a ƙarshen makon nan ko za a sake yin abin da aka yi a 1890, amma ba wanda ya yarda ya ɗauki nauyi, gama alkawaran suna nan a buɗe, ba wanda zai iya faɗin inda asarar za ta tsaya in kasuwa ta buɗe ranar Litinin. Ranar 26 ga Fabrairu aka ba da sanarwa Barings ya karye.

Ina manyan suke?

Yana da sauƙi a ce mugun yaro ne ya kashe banki, a rufe magana. Amma mu a ganinmu tambayar da ta fi amfani ita ce, yaya aka yi mutum ɗaya ya yi wannan har kusan shekara uku ba a kama shi ba? Ruwa ba ya tsami banza.

Da fari dai, an yi gargaɗi. A 1994 masu binciken lissafi na cikin bankin suka je Singafo, suka rubuta cewa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe ciniki da rubutun ciniki ba. An karanta rahoton, amma ba a raba masa aikin ba. Sa'an nan akwai maganar kuɗi. Mun ce kasuwar takan nemi ƙarin kafin alƙalami kullum daga mai asara. Ina Leeson yake samun wannan kuɗi? Daga Landan. Ya yi ta roƙo, ana ta aika masa, har abin da aka aika ya haura fam miliyan 700. Ya ce na abokan ciniki ne yake biya musu kafin su mayar, ba wanda ya zauna ya daidaita kuɗin da sunayen abokan cinikin ɗaya bayan ɗaya. Da akawu ɗaya mai taurin kai ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga sunaye, da labarin ya canza.

Akwai kuma abin da ya fi ba mu mamaki. Cinikin da aka ce yana yi mai ƙaramar riba ne, ga shi yana kawo riba mai ɗimbin yawa. Ba wanda ya tambaya. Mu duka haka muke: in lissafi ya nuna gibi mukan ta da hankali mu bincika, in ya nuna rara sai mu yi murna mu wuce. Alhali rarar da ba a san asalinta ba alama ce ta ɓaraka daidai da gibi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A farkon 1995 masu bincike na waje suka ga wani gibi na wajen fam miliyan 50. Leeson ya kawo takardun jabu masu nuna wai wani kamfani a Amurka ne ake bin kuɗin. A saman takardar akwai alamar da ta nuna daga na'urar faks ta gidansa aka aiko ta, duk da haka aka karɓa. Ga shi kuma ba a fayyace wane ne shugabansa ba. Na Singafo suna tsammani na Landan ne suke lura da shi, na Landan suna tsammani na Singafo ne.

Ba Barings kaɗai ba ne. A cikin 1995 ɗin bankin Daiwa na Japan ya gano wani ma'aikacinsa a New York ya ɓoye asarar dala biliyan 1.1 cikin shekara 11, shi ma yana riƙe da ciniki da littafi tare. A 2008 bankin Société Générale na Faransa ya yi asarar yuro biliyan 4.9 ta hannun Jérôme Kerviel, wanda shi ma daga sashen duba ciniki ya fito, ya san lokacin da ake duba kowane littafi.

Abin da hukumomi suka yi

Akwai wani kwamiti na masu lura da bankuna daga ƙasashe dabam-dabam, wanda yake zama a birnin Basel na Suwizalan. An kafa shi a 1974, bayan rushewar bankin Herstatt na Jamus. Yarjejeniyarsa ta fari, ta 1988, a kan haɗarin bashi ta tsaya: kowane banki ya ajiye jari gwargwadon bashin da ya bayar. A 1996 aka ƙara haɗarin kasuwa. Sai a yarjejeniyar 2004, wadda ake kira Basel ta biyu, aka ba haɗarin gudanar da aiki nasa gurbin, aka ce shi ma a ajiye masa jari.

Amma nawa za a ajiye? Bashi ana iya ƙidaya shi. Yaya za a ƙidaya ha'incin da ba a riga an yi ba? Hanya mafi sauƙi da aka bayar a 2004 ita ce, a ɗauki kuɗin shigar banki na shekara uku, a fitar da matsakaici, a ware kashi 15 cikin 100. Ga lissafi domin 'yan ajin ƙarshe: bankin da ya sami miliyan 80, da miliyan 100, da miliyan 120 a shekaru uku, matsakaicinsa miliyan 100 ne, zai ware miliyan 15. An kuma yarda wa manyan bankuna su ƙirƙiro nasu hanyar lissafi. Wannan bai yi kyau ba, gama bankuna masu kama da juna suka riƙa fito da amsoshi masu nisa da juna, kowa kuwa ya fi son amsar da za ta rage masa ajiya. A 2017 kwamitin ya soke waɗannan hanyoyi, ya kawo ma'auni ɗaya wanda yake duba girman harkar banki, yana kuma iya duba asarar da ya yi a shekarun baya. Jarin da aka ware dai ba ya hana ɓarna. Amfaninsa shi ne in ta auku, masu banki ne za su ɗauki asarar, ba masu ajiya ba.

Kada kuma mu ɗauka duk maganar sata ce. A watan Agusta na 2020 bankin Citibank ya yi niyyar biyan kuɗin ruwa na wajen dala miliyan 8 ga masu bin kamfanin Revlon bashi, sai ya aika musu kusan dala miliyan 900 daga aljihunsa. Mutum uku suka duba biyan kafin ya fita, dukansu suka fahimci allon kwamfutar a karkace ta hanya ɗaya. Waɗansu suka mayar da kuɗin, waɗansu suka riƙe wajen miliyan 500. A 2021 alƙali ya ce su riƙe, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Wannan ya nuna mana cewa yawan sa hannu ba shi ne tsaro ba, in duk masu sa hannun ba su gane na'urar da ke gabansu ba. A watan Fabrairu na 2016 kuma ɓarayi suka kutsa cikin kwamfutocin Babban Bankin Bangaladash, suka aika umarnin fitar da kusan dala biliyan 1 daga ajiyarsa a New York. Sun zaɓi lokaci da wayo: Juma'a hutu ce a Bangaladash, Asabar da Lahadi hutu ne a New York, Litinin kuma hutu ce a Filifin inda kuɗin ya nufa. An tare yawancin umarnin, amma dala miliyan 81 ta fita. Wata miliyan 20 da ta nufi Siri Lanka ta tsira domin ɓarayin sun yi kuskuren rubuta kalma ɗaya, wani ma'aikaci ya lura ya yi tambaya.

Gefen inshora

Kamfanin inshora yana karɓar kuɗi yau a kan alkawarin zai biya diyya in asara ta sami mutum gobe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda haka da zarar an kawo ƙarar asara, ko ba a biya ba tukuna, dole a rubuta ta a kuma ware kuɗin da ake zaton za ta ci. In ba a rubuta ba, littafi zai nuna riba wadda a gaskiya kuɗin mutane ce. Abin da ya faru da kamfanin Independent Insurance na Ingila ke nan. An riƙa ajiye manyan ƙararraki a gefe, waɗansu a kan allon bango, ba a shigar da su cikin kwamfutar da masu ƙididdiga suke dubawa ba. Kamfanin ya rushe a 2001, a 2007 kuma aka ɗaure shugabansa, Michael Bright, shekara 7. Wannan allo ƙanen asusu mai takwas biyar ne, sai dai a nan daga sama ɓoyon ya fito. Wannan ya fi wuyar kamawa, domin akawun da ya ga abin, wa zai kai wa ƙara?

Inshora tana da nata ƙananan ɓarakoki na kullum: wakilin da ya karɓi kuɗi bai kai wa kamfani ba, mai mota da ya haɗa baki da makaniki aka ninka kuɗin gyara, takardar yarjejeniya da aka rubuta da harshe mai fuska biyu har kotu ta sa kamfani ya biya abin da bai yi niyya ba. A ƙasarmu mun san takardar inshorar mota ta jabu, wadda mai mota ba ya sanin ta banza ce sai ranar da ya yi haɗari. A Tarayyar Turai dokar da ta fara aiki a 2016 ta sa kamfanonin inshora su ma su ware jari domin haɗarin gudanar da aiki.

A nan Nijeriya an kafa hukumar NDIC a 1988 domin ta tsaya wa masu ajiya in banki ya karye, a watan Janairu na 1998 kuwa aka ƙwace lasisin bankuna 26 a lokaci ɗaya. Iyayenmu da yawa suna tune da layin da aka yi a ƙofofin da ba su sake buɗewa ba. Lambar BVN da aka fara a 2014 ita ma daga wannan damuwa ta fito, don kada mutum ɗaya ya buɗe asusu da sunaye dabam-dabam.

Kayan aikin rigakafi ba su da wani ƙyalli. Mai yin ciniki dabam, mai rubuta shi dabam, mai biyan kuɗi dabam. A daidaita littafin gida da takardar da ta zo daga waje kowace rana, ba a ƙarshen wata ba. A riƙe littafin kurakurai, har da waɗanda aka tare kafin su yi ɓarna, kada kuma a hukunta wanda ya kawo rahoton kuskurensa da wuri, in ba haka ba kowa zai buɗe nasa asusun ɓoyo. A ajiye kwafin bayanai a wani gari dabam saboda gobara. Ƙungiyar ɗalibai mai ma'aji da sakataren kuɗi, da uwar adashi mai rubutawa a gaban mutane, da dattawan da ba su yarda mutum ɗaya ya ƙirga baiko shi kaɗai, duk wannan ƙa'ida suke bi. Ba zargin ma'aji ake yi ba. Shi ne ma yake fara cin moriyar abin, gama in magana ta taso yana da shaida.

Akwai ƙa'ida ɗaya da takan ba ɗalibai dariya, wato tilasta wa ma'aikaci ya tafi hutu. Bankuna da yawa suna sa masu riƙe da kuɗi su tafi hutun kamar mako biyu a jere, a kuma hana su taɓa kwamfutar ofis daga gida, wani ya zauna a kujerarsu. Dalili shi ne, lissafin ƙarya kamar jariri yake, yana bukatar mai shi kullum. Kerviel kusan bai ɗauki hutu ba a 2007, shi da kansa ya faɗa wa masu bincike cewa wannan kaɗai ya isa ya sa shugabanninsa su farga.

Shi kuwa Leeson, an kama shi a filin jirgin sama na Frankfurt ranar 2 ga Maris 1995, aka mayar da shi Singafo, kotu ta yanke masa shekara 6 da rabi. An sake shi a 1999. Kamfanin ING na ƙasar Holan ya sayi Barings a kan fam 1, ya ɗauki basusukansa, don haka masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari suka rasa nasu. Cikinsu akwai wata gidauniyar taimako mai ɗauke da sunan iyalin Baring, wadda ribar bankin ce take ciyar da ayyukanta, dole ta rage taimakon da take ba ƙungiyoyin agaji a Ingila da sauran ƙasashe.